Rigar gwanjo ta jefa ni cikin rigimar hokin ƙanƙara, wa zai warware mini?

Ɗan Gwanjon Garwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san hirar ƙwallon ƙafa ce ta tara mu a nan, amma ku yi haƙuri, yau da wata tambaya ta daban na zo.

Sana'ata gwanjo, a babbar kasuwar Garwa nake. Makon jiya na fasa dilar kayan sanyi, tunda hunturu ya ƙarato kuma masu moto sun fara tambayar riguna masu kauri. Ina cikin ware na ɗaya da na biyu sai ga wata riga, faɗinta kamar za a saka mutum biyu a ciki, hannu dogo, launinta ja mai duhu kamar zoɓon da ya jiƙu, da ratsin ruwan ɗorawa, ga ƙaton harafin M a ƙirji. Daga sama an ɗinka wani ɗan tambari mai haruffa huɗu: WCHA. Na ɗauka ta ƙwallon kwando ce ko ta wasu mawaƙa, na sa mata jaka uku na rataye.

Da dare na ɗauki hotonta na tura wa ƙanena da yake Minesota shekara huɗu ke nan, yana karatu yana kuma aiki a wani sito. Wasa kawai nake, na ce ga M ɗinku ta biyo ni har Garwa. Ashe na taɓo wuta. Washegari ya nuna wa wani dattijon Bature da suke aiki tare, sai ga kiran bidiyo ina tsakiyar ciniki. Dattijon ya ce in matso da tambarin kusa da waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fara magana, ya yi kusan minti ashirin bai haɗiye yawu ba. Ƙanena yana fassara mini guntu-guntu: wai rigar ta jami'ar Minesota ce ta wasan hokin ƙanƙara, wai tun kafin 2013 aka yi ta, wai a shekarar ne aka kashe musu wasa saboda kuɗin talabijin, wai shi tun daga lokacin bai ƙara sayen tikitin kakar wasa ba. Wallahi har muryarsa tana rawa, ka ce mutuwa aka yi masa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na tambayi ƙanena ko ƙungiyar tasu ta rushe ne, sai ya ce a'a, tana nan daram, wani rukuni ma ta koma wanda ya fi suna da kuɗi. To ina abin kuka? Mu da za a ce gobe an gayyaci Coton Sport, ƙungiyar ƙwallonmu ta Garwa, wata gasa mai kuɗi, ai har gari ya waye ana busa ƙaho a Rumde Ajiya. Ƙanena littafi ya sani, bai san wasa ba, ya kasa yi mini bayani. Wanda ya san kan abin ya taimaka. Sannan, tsakani da Allah, rigar nan tana da daraja ne, ko in bar ta a jaka ukun?

Mai Shayin Marwa:

Alhaji, mu da ƙanƙara sai cikin azumi, ita ma ta dala goma, kafin ka kai gida rabi ta narke. Kai kuma ka zo mana da mutanen da suke gudu a kanta da sanduna. Sayar wa mai moto ya huta da sanyin asuba, kai ma ka huta. Amma zan zauna in ji amsa, don ni ma abin ya shiga raina.

Baƙon Sen Pol:

Wa alaikumus salam Yaya. Ni ɗan Ngaundere ne, na haura shekara goma sha biyar a Minesota, babbar mota nake ja. Dattijon nan ba shi kaɗai ba ne, irinsa suna da yawa, kuma na sha jin wannan kukan a rediyo ina kan hanya da dare.

Ka fara ajiye tsarin ƙwallonmu gefe. A wasannin jami'o'in Amurka babu hawa babu faɗuwa. Ba a cewa ka zo na ƙarshe ka sauka rukuni na biyu. Jami'o'i ne da kansu suke haɗuwa su kafa rukuni, su zaɓi wanda suke so a ciki, su tsara wasanninsu. Ƙungiyoyin hokin maza na matakin farko, wato mafi girma, sun ɗan haura 60, a ƙarshen kaka 16 suke shiga gasar ƙasa, kuma zakaran kowane rukuni yana da gurbinsa kai tsaye. Shi ya sa rukunin da kake ciki shi ne gidanka: shi yake yanke wa za ka kara da shi kowace Juma'a da Asabar daga Oktoba zuwa Maris.

WCHA ɗin da ke jikin rigarka tsohon gida ne, asalinsa tun 1951. A cikinsa Minesota take, da Dakota ta Arewa, da Wiskonsin, da Denba, da ƙananan jami'o'in jihar nan irin su Dulut da Sen Kilawud. Kowane watan Maris sai a taru nan Sen Pol, babban birnin Minesota, a yi wasannin ƙarshe na rukunin, kwana uku gari ba masaka tsinke. Na taɓa shiga sau ɗaya a 2012, wani abokin aiki ya ba ni tikiti. Ban fahimci dokar ba a lokacin, abin da na gane kawai mutum shida-shida ne har da mai tsaron raga, zango uku na minti 20, kuma wanda ya yi ƙeta sai a kulle shi minti biyu a wani ɗan akurki a gefen fili. Amma taron na gane shi sarai. 'Yan Dakota sun yi tafiyar awa biyar a mota, duk sun sha kore, sun cika rabin ɗakin a garin da ba nasu ba. Ana zagin juna, ana dariya, ana fita a ci abinci tebur ɗaya.

Ga inda gizo ya yi saƙa. A 2010 wani attajirin iskar gas, Terry Pegula, ya ba jami'ar Penn State dalar Amurka miliyan 88 ta gina filin ƙanƙara ta shiga matakin farko. Penn State kuwa 'yar Big Ten ce, wato babban rukunin manyan jami'o'i masu tashar talabijin tasu ta kansu. Kafin nan jami'o'in Big Ten biyar ne kawai suke hoki, kuma sai an kai shida ake kafa gasa. Da Penn State ta cike ta shidan, a watan Maris na 2011 aka sanar: Minesota da Wiskonsin za su bar WCHA, Mishigan da Mishigan State da Ohayo State za su bar nasu rukunin mai suna CCHA, a fara sabuwar gasa a 2013.

Su kuma manyan da aka bari suka ga in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Yuli na shekarar, Dakota ta Arewa da Denba da Dulut da wasu uku suka ce su ma sun kafa nasu, NCHC, daga baya Sen Kilawud da Western Michigan suka bi su, suka zama takwas. CCHA ta watse a 2013, ragowar ƙananan aka kwashe su aka zuba a abin da ya rage na WCHA.

Yanzu amsar tambayarka. Yaya, ka san wasan da ke tsakanin Bafillace da Babarbare. In an haɗu a biki ko a kasuwa sai an tsokani juna, kowa yana cewa shi ne ubangidan wani, kuma ranar da ɗaya bai zo ba, sai zaman ya yi lami. To haka Minesota da Dakota ta Arewa suke. Kakanni sun yi, iyaye sun yi. Sai rana ɗaya aka ce wa Bafillacen an ɗaga darajarsa, daga yau da wasu manyan baƙi zai riƙa zama, mutanen kirki ne, masu kuɗi, amma bai san sunan kakan kowa a cikinsu ba, balle ya tsokane shi. Kaka uku cur ƙungiyoyin biyu ba su haɗu a wasan kaka ba. Sau ɗaya ƙaddara ta haɗa su, a kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa a 2014, Minesota ta jefa ƙwallon nasara saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya a tashi, 2 da 1. Ka tambayi dattijonka wannan daren, za ka ga fuskarsa ta canza. An dawo da karawar tun 2016, amma ta zama kamar ziyara, ba maki a kanta na rukuni.

Batun kuɗin rigar, kada ka sa rai da yawa. In ta 'yan kallo ce, irinta suna nan a shagunan gwanjonsu. Duba ciki ta baya, wajen ƙugu: in ka ga wani ɗan maɗauri mai maɓalli an ɗinke shi, to irin ta 'yan wasa ce, da shi ake ɗaure riga da wando. Wannan ita ake nema.

Ɗan Gwanjon Garwa:

Allah Ya saka da alheri ƙanena, ka fi ɗan uwan nawa amfani, shi da aka kashe wa kuɗin jirgi. Misalin Fulani da Barebari ya shige ni, don maƙwabcin rumfata Babarbare ne mai sayar da hula, kuma ranar da ya tafi Kuseri sarin kaya jin kasuwar nake kamar an yi mata sata.

Na juya rigar ciki da waje, ba maɗauri. Sai wani tabon miya a hannun hagu wanda ban lura da shi ba sai yau.

Amma bari in ƙara tambaya. Wannan ba shi ne abin da manyan Turai suka so yi ba a watan Afrilun 2021? Ƙungiyoyi 12 suka ce sun ware, 'yan kallon Ingila suka fito titi, kwana uku ba a yi ba abin ya ruguje. Na tuna a gidan kallon unguwarmu har 'yan Chelsea da 'yan Arsenal suka haɗa baki, abin da ban taɓa gani ba. Su waɗannan me ya hana su fitowa? Kuka a waya da rediyo kawai suka iya?

Baƙon Sen Pol:

Sun yi surutu sosai, wasu sun daina zuwa. Shekarun farko na wasannin ƙarshen Big Ten, kujeru fayau ake nunawa a talabijin, har abin ya zama abin dariya, daga baya aka mayar da wasannin filayen jami'o'in. Amma ba wanda zai iya hanawa. Jami'ar da take Big Ten ba don hoki take ciki ba, don ƙwallon Amurka ne, can kuɗin yake. Hoki ɗan rakiya ne. In uban gida ya ce a tashi, ɗan rakiya ba ya cewa bai gama shan shayi ba.

Malamar Tarihi, Ngaundere:

Sallama gare ku. Alhaji, ka yi haƙuri in ɗan karkatar da maganar, don ni ba Minesota ce ta ba ni tausayi ba. Ita tana da filinta, da kuɗinta, da talabijin. Abokin tsokana kawai ta rasa.

Ku bi labarin waɗanda aka zuba a ragowar WCHA. Su goma ne, kuma a cikinsu akwai biyu a Alaska, ɗaya a Ankorej ɗaya a Fiyabanks, sai ɗaya a Alabama can kudu. Kowace tafiya zuwa Alaska jirgin sama ce mai tsawo, har jami'o'in Alaskan ne suke tallafa wa baƙinsu da kuɗin hanya don a yarda a zo musu. Duk da haka, a 2019 bakwai daga cikin goman suka ce za su fice su kafa nasu rukunin na maƙwabta. Suka tono tsohon sunan CCHA suka saka, suka fara wasa a 2021. Ba su ce sun kori kowa ba. Tashi kawai suka yi suka bar mutum uku a ɗaki, ɓangaren maza na WCHA ya mutu bayan shekara 70. Ku lura, waɗannan bakwai su ne dai waɗanda suka yi ta kukan manya sun yashe su a 2013.

Magoya bayan Ankorej sai da suka tara dalar Amurka miliyan 3 kafin a dawo musu da ƙungiyarsu bayan an ce za a rufe ta. Na Alabama su ma sun tara kuɗi cikin 'yan kwanaki a 2020, suka ceto tasu, ta yi kaka ɗaya, ba rukunin da ya karɓe ta, aka dakatar da ita a 2021.

Abin da ya sa na damu, na taɓa raka ɗalibai wasanni a kudancin Kamaru. Mu nan Ngaundere ma da sauƙi, jirgin ƙasa muke shiga da yamma mu wayi gari a Yawunde, in an yi sa'a. 'Yan Marwa kuwa sai sun kwana a hanya kafin su iso tashar jirgin. Yaran sun sauka ƙafa a kumbure, washegari aka ce su shiga fili. A wajen cin abinci na ji wani jami'i daga kudu yana cewa abokinsa, da za a bar 'yan arewa su riƙa yin nasu can, da kowa ya huta da kashe kuɗi. Bai san ina jin Faransanci fiye da shi ba. A taswirar ƙasar nan, Alhaji, mu ne Alaska. In ka ji ana maganar rage tsadar tafiya a kowace gasa, ka duba wa yake zaune a ƙarshen hanya.

Ɗan Njamena 10:

Malama, da girmamawa, amma kun cika baƙin ciki ku duka. Ni ina bin wasan a intanet tun da wani ɗan ajinmu ya tafi Denba, kuma ban ga kashe wasa ba.

Ku ƙirga kofunan ƙasa da NCHC ta ɗauka: Dakota ta Arewa 2016, Denba 2017, Dulut 2018 da 2019, Denba kuma 2022 da 2024, Western Michigan 2025, wadda ba ta taɓa ɗauka ba a tarihinta. Rukunin da aka kafa cikin fushi da tsoro ke nan. A duk waɗannan shekarun Big Ten mai kuɗin ba ta ɗaga ko ɗaya ba. In akwai ramuwar gayya da ta fi wannan, a nuna mini. Penn State da ake zagi ta cika filinta da ɗaliban da da ba su da ƙungiya. Jami'ar Arizona State, a cikin hamada, inda zafi yake gogayya da na Njamena, ta shiga NCHC a 2024. Yaron da aka haifa a 2010 bai san wata WCHA ba, abokin gabarsa shi ne wanda ya tashi ya gani.

Dattijon nan ƙuruciyarsa yake wa kuka. Babana ma haka yake, kullum ƙwallo ta mutu tun zamanin Canon ta Yawunde da Roger Milla. A ba shi shayi a ƙyale shi.

Malamar Tarihi, Ngaundere:

Ɗana, duk waɗanda ka lissafa waɗanda aka shiga da su ɗaki ne. Lissafa mini kofunan Alabama tun 2021.

Mai Shayin Marwa:

Malama ta ci wannan zagayen. Ɗan Njamena, zo ka karɓi shayin da ka ce a ba babanka, na sa maka a bashi.

Ɗan Gwanjon Garwa:

Kai jama'a, na zo da tambayar riga na tashi da karatun shekara.

Ɗan Njamena, ba zan ce ƙarya kake ba, amma ka taɓa mini wani wuri. Ina cikin filin Rumde Ajiya a 2008 ranar da Coton ta yi 2 da 2 da Al Ahly a wasan ƙarshe na Afirka. Kofin ya tafi Masar, tunda sun ci mu 2 da nema a Alƙahira, amma in ka tambaye ni ranar da na fi jin daɗin ƙwallo, ba ita zan fara ambata ba. Zan ce maka ranakun da Canon ko Union ta Duwala suke zuwa, muna zaune a rana tun azahar, muna da abin da za mu faɗa musu su ma suna da abin da za su mayar mana. Da na ce za mu busa ƙaho in an kai Coton gasa mai kuɗi, ban yi tunanin za a ce sharaɗin shi ne ba za mu ƙara ganin waɗannan ba. Har yanzu ina ganin za mu busa, kada in yi muku ƙarya, kuɗi kuɗi ne. Wata shida bayan nan ne ban san me za mu riƙa yi da yammacin Lahadi ba.

Maganar Malama kuma ta hana ni barci jiya. Lokacin gasar Afirka a Janairun 2022, da Najeriya da Masar suka yi wasa a nan, har mun fara jin mu ma tsakiyar duniya ne. Baƙi suna tafiya muka koma inda muke.

Jiya da yamma ƙanena ya sake kira, dattijon yana gefensa. Na ce ya tambaye shi daren 2014 kamar yadda Baƙon Sen Pol ya ce. Mutumin nan ya miƙe tsaye a cikin sito, ya ɗauki tsintsiya yana nuna mini yadda aka buga ƙwallon, har wani ya leƙo ya ga ko lafiya. Sannan ya ce matarsa 'yar Dakota ce, kwana biyu ba ta yi masa magana ba bayan wasan. Ya ce zai sayi rigar, in faɗi kuɗi. Na tambayi kuɗin aikawa, ya ninka kuɗin rigar ban san sau nawa ba, ga tabon miya. Na ce ya bari sai wani mai tafiya ya samu, in ba shi kyauta.

Na sauke ta daga rataya na ninke na sa a ƙarƙashin tebur. Yau da safe wani mai moto da ya gan ta tun makon jiya ya dawo da jaka biyu da rabi a hannu, na ce an riga shi. Ya zaɓi wata baƙa mai hula ya tafi yana mita. In akwai wanda ya san mai tafiya Minesota daga Garwa ko Yawunde kafin ƙarshen shekara, ya yi mini magana ta akwatin sirri, ba ta da nauyi.